Sabon kocin tsaron baya ya ajiye ɗana a benci: mu jira ko ya sauya makaranta?

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya tsaya mini a rai, kwana uku ba na samun barci sosai.

Shekarata 19 a Amurka. Babban ɗana yana aji biyu a jami'a, kuma ƙwallon Amurka ce ta kai shi can. Ita ke biya masa kuɗin makaranta da ɗaki da abinci. A ɓangaren tsaron baya yake, layin tsakiya, waɗanda suke ce wa lainbaka. Bara ya shiga wasanni da dama, har da shi aka fara uku na ƙarshe. Da kaka ta ƙare sai aka sallami kocin tsaron bayan da ya ɗauke shi, mutumin da ya zo har falona ya sha shayi ya ce mini zai riƙe yaron kamar nasa. A watan Janairu aka kawo sabo.

Sabon ya zo da nasa tsarin. Da lainbaka uku ke tsayawa a fili, yanzu biyu ne, an ƙara mutum guda a can baya. Ya kuma taho da wani yaro daga tsohuwar makarantarsa wanda ya riga ya san tsarin. Ɗana ya koma benci, ba ya shiga sai lokacin bugun tashi ko in wasa ya kusa ƙarewa. Da suna cin wasa, wallahi da ban ce komai ba. Amma wasa huɗu aka yi, ɗaya suka ci, kuma a biyu daga cikin ukun da suka faɗi an zura musu sama da maki 40.

Ni Kano Pillars na tashi ina kallo a filin Sani Abacha, ƙwallon da na sani ke nan. Wannan tasu har yau ban gama gane ta ba, shi ya sa nake tambaya. Wasa huɗu ya isa a ce koci ya gaza? Wa ke tuhumarsa in ya gaza? Abin da ya fi damuna, abokan yaron suna zuga shi kada ya buga wasa na biyar, wai in ya tsaya a huɗu shekarar ba za ta shiga lissafi ba, sai ya sauya makaranta. Asabar ɗin nan ne wasan. Mahaifiyarsa ta ce in ɗauki waya in kira kocin. Ban kira ba tukuna.

Wani ɗan'uwa daga Kolambus:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya yi wa yaro albarka. Bari in ba ka labarin abin da muka gani da idonmu a garin nan.

A Nuwamba 2021 jami'ar Michigan ta doke Ohio State, jami'ar garinmu, 42 da 27, suka yi ta ratsa tsaronmu da gudu kamar ba kowa a wurin. Babban koci Ryan Day ya ɗauko kocin tsaro Jim Knowles daga Oklahoma State, ana biyansa kusan dala miliyan 2 a shekara, da irin tsarin nan da ka ce: huɗu a gaba, biyu a tsakiya, biyar a baya. Duk gari ya ɗauka an gama. Da Michigan ta zo har gidanmu a Nuwamba 2022 sai ta sake cin mu 45 da 23. Sau biyar suna cin maki daga nesa, yadi 69, 75, 45, 75, har da 85. Bayan wata guda muka shiga kwata ta ƙarshe muna gaban Georgia da maki 14, aka tashi 42 da 41, mun faɗi. In ka kunna rediyo a mota lokacin, ba abin da za ka ji sai a kori Knowles.

Ba a kore shi ba. Shi ma bai kafe ba, ya rage yawan turo mutane gaba yana barin baya a buɗe. A 2023 abin da ake zura musu a wasa ya sauko zuwa maki 11 da ɗan kai. A kakar 2024 tsaronsu ne na ɗaya a ƙasar, suka ci kofi a Atlanta ranar 20 ga Janairu 2025, suka doke Notre Dame 34 da 23. Shekara uku ya ɗauka, a makarantar da ke da yara zaɓaɓɓu. Wasa huɗu bai isa a yanke wa mutum hukunci ba, Alhaji.

Wani ɗan'uwa daga Los Anjelis:

Yaya na Kolambus, ina girmama maganarka, amma haƙurin nan da kake faɗa mu mun ga inda ya kai mutane. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Babban koci Lincoln Riley ya zo jami'ar USC da kocin tsaro Alex Grinch, mutuminsa tun Oklahoma. A 2022 suna da Caleb Williams, wanda ya ci Heisman, kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i, a shekarar, amma Utah ta zura musu 47 a wasan ƙarshe na rukuninsu, Tulane kuma ta ci su 46 da 45. Kowa ya ga yaran ba sa iya kayar da mai ƙwallo. Riley ya ce a ƙara masa lokaci. Sai a Nuwamba 2023, bayan Washington ta ci su 52 da 42, ɗan wasa guda ya yi gudun yadi 256 shi kaɗai, sannan aka sallami Grinch. Kafin nan shekarar Caleb ta ƙarshe ta tafi a banza. Aka ɗauko D'Anton Lynn daga UCLA, a kakarsa ta farko makin da ake zura musu ya sauko daga sama da 34 zuwa kusan 24. Ka ga wanda ya iya aikin ba sai ya shekara uku ake ganin hannunsa ba. LSU ma a 2020 kaka ɗaya tak suka yi da kocin tsaro Bo Pelini, wanda a wasansa na farko Mississippi State ta jefa musu ƙwallon yadi 623, suka rabu da shi.

Tambayarka ta wa ke tuhumarsa: babban koci ne. Shi ya ɗauke shi, shi zai sallame shi, shi kuma daraktan wasanni ne ke kansa. Kuma sau da yawa kocin tsaro ne ragon layya. In kujerar babban koci ta fara rawa, shi ake fara yankawa don mutane su yi shiru. Ka lura, bara an sallami ɗaya a makarantar yaronka. In wannan ma bai yi ba, na gaba da za a taɓa babban kocin ne da kansa, daga nan kuma duk ma'aikatan su watse. Wannan ya kamata ku sa a lissafinku.

Wani matashi da ya taɓa bugawa:

Kawu, barka da yamma. Na buga shekara huɗu a ƙaramar jami'a, a can baya nake tsayawa, kuma an canza mana kocin tsaro ina aji uku. Iyayena biyu da suka yi magana duk gaskiya suka faɗa, abin da ya rage shi ne yadda za ka gane wanne ne irin naku.

Kada ka tsaya a kan makin ƙarshe. In ɓangarenku masu kai hari suna ta zubar da ƙwallo a kusa da gida, ko ba sa iya riƙe ta minti biyu, 'yan baya za su gaji, maki zai hau ko wane ne koci. Ka sake kallon wasannin huɗu ka lura da yadda aka ci makin.

Akwai kuskure iri biyu. In ka ga ɗan adawa ya karɓi ƙwallo shi kaɗai ba kowa kusa da shi, yaranmu biyu sun tsaya suna nuna wa juna hannu, to ba su gane kiran da aka yi ba. A watan farko na sabon tsari wannan ba abin mamaki ba ne. Atisayen bazara sau 15 kawai doka ta yarda a yi, sai sansanin watan Agusta, kuma sunan kowane motsi ya canza, kamar a ce gobe ka fara ciniki da yaren da ka koya jiya. Mai tunani kafin ya ɗaga ƙafa an riga an wuce shi. Abin da za ka nema shi ne ko irin wannan kuskuren na raguwa daga mako zuwa mako. In a wasa na takwas har yanzu ana nuna wa juna hannu, laifin koci ne kai tsaye: ko bai iya koyarwa ba, ko ya ƙi sauƙaƙa tsarin daidai da yaran da ya samu.

Na biyu, yaro yana wurin da ya dace, ya kai hannu, mai ƙwallo ya suɓuce masa. Wannan ya fi tayar mini da hankali, domin kayarwa ba ta jiran a haddace tsari. A USC abin da aka yi ta gani ke nan.

Ka kuma dubi yunƙuri na uku. Ka san sau huɗu ake ba masu kai hari su ci yadi 10. Tsaro mai kyau shi ne wanda ke tsayar da su a na uku ya fita daga fili. Sannan ka ga ko bayan hutun rabin lokaci an toshe ramin da ake bi, ko ta nan ake ci gaba da shiga. Na ƙarshe, ka saurari kocin in yana magana da 'yan jarida bayan an sha kashi. Namu na lokacin cewa yake ni ne ban shirya su ba, kuma ranar Lahadi mu ga ya canza wani abu. Wanda kullum cewa yake yara ba su yi abin da aka ce ba, yaran sukan daina yi masa gudu kafin kaka ta ƙare.

Maganar ƙanena kuwa, ragin lainbaka daga uku zuwa biyu ba ƙiyayya ba ce. Wasan yanzu jifa ya yi yawa, shi ya sa ake ƙara masu gudu a baya. Yaron da kocin ya taho da shi kuma, a manyan makarantu tun 2024 ɗan wasa guda ne ke da na'urar jin muryar koci a cikin hularsa, shi ke isar da kira ga sauran, galibi lainbaka ne. Dole ya ba wanda ya san yarensa. Wurin da ƙanena zai nema shi ne na biyun.

Don Allah Kawu kada ka kira. Wannan ba sakandare ba ce, kiran uba yana rage wa yaro daraja a idonsu. Shi da kansa zai je wurin kocin layinsu ya ce: nuna mini a faifai abin da nake ɓatawa, me zan gyara in shiga fili? Duk atisaye ana ɗaukarsa a faifai, ana ba kowa maki. In aka buɗe faifai aka nuna masa abu biyu ko uku, akwai hanya. In aka ce masa kawai ya ci gaba da ƙoƙari, ya samu amsarsa.

Wata 'yar'uwa da ke aiki a jami'a:

Alhaji, dokar da abokansa ke faɗa gaskiya ce. Ɗan wasa yana da shekara biyar ya buga kaka huɗu, kuma tun 2018 in bai wuce wasa huɗu ba zai iya ajiye shekarar. Ko sau ɗaya ya taka fili lokacin bugun tashi, an ƙirga masa wasan. Kelly Bryant ya yi haka a Clemson a 2018 da aka ba Trevor Lawrence wurinsa, ya koma Missouri. Amma shi sunansa ya riga ya fita, makarantu na jiransa. Yaron da ya fara wasa uku kacal, in ya shiga rajistar masu neman sauya makaranta ba tabbas wani ya kira shi, kuma makarantarsa ba dole ta ci gaba da biya masa ba bayan zangon ya ƙare. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya. Kafin Asabar ya je ofishin da ke kula da dokokin wasanni a makarantar ya tabbatar da lissafinsa da ranakun rajistar, domin dokokin nan suna yawan canzawa. Ya kuma tambayi mai ba shi shawarar karatu kwasa-kwasai nawa wata makaranta za ta karɓa.

Hajiya daga Bronx:

Baban yara, kowa ya yi maganar koci, ba wanda ya tambayi me yaron yake so. Kai ne ranka ya ɓaci ko shi? Cikin ɗari na masu buga ƙwallon nan a jami'a, waɗanda ke kaiwa gasar ƙwararru ta NFL ba su kai biyu ba. Takardar digiri ce za ta bi shi gida. Ka kira shi, kada ka fara da ƙwallo, ka tambaye shi ko yana cin abinci, yana sallah a kan lokaci, sannan ka yi shiru ka bar shi ya yi magana. Allah ya zaɓa masa mafi alheri.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, na yi yadda kika ce jiya da daddare, mun fi awa ɗaya a waya. Ashe shi ba ya son barin makarantar, yana jin daɗin karatun, tsoronsa kada in ga kamar ya ba ni kunya. Wannan maganar ta taɓa ni.

Yau da safe ya je wurin kocin layinsu. An buɗe masa faifai, an nuna masa yana jinkirin juyawa in mai gudu ya fito karɓar jifa, kuma sau uku ya tsaya a ramin da ba nasa ba. Kocin ya ce in yana so a ajiye masa shekarar ba za su hana ba, amma su sun fi son ya buga. Gobe zai je ofishin dokokin kamar yadda 'yar'uwarmu ta ce, daga nan shi zai yanke. Kai kuma matashin da ya taɓa bugawa, in ba damuwa zan turo maka faifan wasansu na uku ka duba mini, domin na kalla sau biyu na ƙirga wurin nuna hannu har sau huɗu, ina so in san ko daidai na gani.