Fim ɗin 2.0 na Rajinikanth: ina labarin ya kwance wa kashi na farko zani?

Sadiq_Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu bibiyar finafinan Indiya. Tambayata a kan 2.0 ne, wanda Shankar ya fitar a 2018 a matsayin ci gaban Enthiran na 2010. Aikin kwamfuta da ke ciki ba na musu a kansa, labarin ne ya tsaya mini a wuya. A ƙarshen kashi na farko an nuna Chitti, robot ɗin da Dakta Vaseegaran ya ƙera, a gidan tarihi a shekarar 2030, a kwance guntu-guntu. To ta yaya ya dawo aiki tun kafin lokacin? Sannan jan cif ɗin da ya mayar da shi makashi, don me za a sake sa masa shi kuma ya zama mai ceto? Na uku, wannan kurwar Pakshi Rajan, bos ɗin fim ɗin, da ke ɗauke wayoyin mutane don yana ganin igiyar waya ce ke kashe tsuntsaye, akwai wani ilimi a ƙarƙashinta ko dai fatalwa ce aka sa wa rigar kimiyya? Masana a warware mana.

Malam_Habu_Zinder ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam Sadiq. Maganar 2030 ita ce mafi sauƙi, kuma ana iya ɗinke ta. Kotu ta ce a kwance Chitti, ya kwance kansa, aka ajiye shi. A 2.0 gwamnati ta ba da izinin a sake haɗa shi bayan soja sun kasa. Tsakanin wannan da 2030 akwai shekaru fiye da goma, ba abin da ya hana a sake kwance shi. Sai dai fim ɗin ya ƙare da Chitti lafiya lau, an wanke shi, ga shi tare da Nila, robot mace da Vaseegaran ya ƙera, kuma ba a ajiye ko jumla ɗaya da za ta nuna hanyar komawarsa gidan tarihi ba. Giɓi ne, amma ba karaya ba ce.

Jan cif ɗin shi ne karayar. Ka tuna aikinsa a kashi na farko. Farfesa Bohra ya tsinto sassan Chitti a juji, ya gyara shi, ya dasa masa wannan cif, kuma daga nan Chitti ya sace Sana, budurwar Vaseegaran, a wajen bikinta, ya hallaka 'yan sanda masu yawa, ya ƙera irinsa ya tara runduna, ya kashe shi kansa Bohra. Hujjar da ta fitar da Dakta Vaseegaran daga hannun kotu ita ce cif ɗin ne tushen ɓarnar. Ke nan dokar da labarin ya kafa wa kansa ita ce: duk ranar da cif ɗin nan ya shiga, babu mai linzami, har wanda ya dasa shi. A 2.0 Nila ta ɗauko shi ta sa, sai ga Chitti yana taƙama da dariyar mugunta irin ta da, amma yana yaƙi don ceton mutane kuma yana kiyaye ran Vaseegaran, mutumin da ya nemi kashewa a baya. An bar mu da cewa Nila ce ke riƙe da shi. Da me? Bohra da ya rubuta cif ɗin da hannunsa bai iya ba. Minti biyu sun isa a gyara wannan: a nuna Nila tana goge wani sashe na umarnin, ko ta ɗaure batirinsa da makullin da ke hannunta, mai kallo ya san akwai farashi da haɗari. Ba a yi ba, saboda abin da ake so shi ne salon mugun Chitti da masu kallo suka yi wa tafi a 2010, ba tare da nauyin da ke biye da shi ba. Kuma tambaya ta gaba tana nan: wa ya bari aka adana kayan shaida mai haɗari irin wannan a inda hannu zai kai gare shi cikin dare ɗaya?

Injiniya_Rabi ta amsa:

Ni zan ɗauki tambaya ta uku, don nan ne aka fi ruɗa mutane. Fim ɗin ya ce jikin mai rai yana da wani haske na ƙananan foton (ƙwayoyin haske), mai rai nasa fozitif, mamaci nasa negatif, kuma na Pakshi Rajan ya haɗu da na matattun tsuntsaye ya zama ƙarfi na biyar. Ƙarfi huɗu da kimiyya ta tabbatar su ne jan ƙasa, lantarki da maganaɗisu a matsayin ɗaya, da biyu na cikin ƙwayar zarra, mai ƙarfi da mai rauni. Ƙirƙiro na biyar ba laifi ba ne a fim irin wannan. Laifin shi ne foton ba shi da caji ko kaɗan, ba fozitif ba negatif. Kuma a kan wannan rabon aka gina duk maganin bos ɗin.

Ga inda abin ya ci kansa. Eriyar cibiyar binciken sararin samaniya ce ta fara korar ƙaton tsuntsun da kurwar ta haɗa da wayoyin, ita ce kuma ta halaka shi a ƙarshe, wai don siginarta fozitif ce. Irin waɗannan manyan eriyoyi igiyar rediyo suke turawa, dangi ɗaya da ta ƙarfen sabis, kuma ƙarfinsu ya ninka na ƙarfen sabis nesa ba kusa ba. Idan igiyar waya ce ke kashe tsuntsaye, to wadda ta ceci birnin Chennai ta fi ta kisa. Haka nan tsuntsun da kansa tarin wayoyi ne marasa adadi, allonsu na haske. Wayar GSM tana iya tura har wat 2 a zangon megahaz 900, wat 1 a 1800. Mai kare tsuntsaye ya tara mafi girman tushen abin da yake ƙi, ya ɗaga shi sama inda tsuntsayen suke shawagi.

A zahiri igiyar waya ba ta cikin tururin da ke tsinka sinadaran jiki. Ƙwayar haskenta ta gaza ƙarfin da ake bukata don hakan da wajen ninki miliyan. Tasirin da aka tabbatar mata shi ne ɗumama, shi ma sai dab da bakin eriya, don ƙarfin yana faɗuwa da sauri: ka ninka nisa sau biyu, ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Indiya ma a Satumban 2012 ta rage iyakar da aka yarda wa ƙarafan sabis zuwa kashi ɗaya cikin goma na ma'aunin ICNIRP, hukumar duniya mai tsara iyakar irin wannan igiya. Kuma akwai abin da ba a cika faɗa ba: idan aka rage ƙarafa a gari, wayar da ke aljihunka ce ke ƙara ƙarfin turawa don ta kamo na nesa.

Ba ina cewa babu wata alaƙa tsakanin igiyoyi da tsuntsaye ba. A 2014 masu bincike a jami'ar Oldenburg ta Jamus sun wallafa a mujallar Nature cewa hayaniyar lantarki a cikin gari tana rikita wa wani ƙaramin tsuntsu mai ƙaura sanin alƙibla. Amma zangon da suka gano tsakanin kilohaz 50 ne da megahaz 5, wato yankin rediyon AM da kayan lantarki, can ƙasa da na waya. Dogayen ƙarafa kuma suna kashe tsuntsaye ta hanyar karo, musamman da dare idan fitilunsu sun ja masu ƙaura. Raguwar gwara a birane an fi danganta ta da sabbin gine-gine marasa ramukan sheƙa, da maganin ƙwari da ke ƙarar da abincin 'ya'yanta. Duk wannan kayan labari ne mai kyau da aka bari a ƙasa. Zargin da fim ɗin ya ɗora wa igiyar waya ne ya sa ƙungiyar kamfanonin waya ta Indiya, COAI, ta kai ƙara hukumar tace finafinai dab da fitowar fim ɗin.

Danladi_Kumasi ya amsa:

Injiniya, bayaninki ya gamsar, amma ina da ja kaɗan. Kashi na farko ma ba darasin kimiyya ba ne. Tsawa ce ta faɗa wa Chitti ya fara jin so da fushi, kuma har hira ya yi da sauro. Ba wanda ya tashi daga kallo saboda haka. Bambancin a wurina shi ne Enthiran ya nemi mu yarda da abu ɗaya babba, cewa inji zai iya ji, sauran duka suka biyo baya a jere. Shi kuwa 2.0 ya nemi mu yarda da kurwa, sannan ya ɓata dogon lokaci yana rantse mana cewa ba kurwa ba ce. Da ya ce fatalwa ce kai tsaye, da ba mai tambayar cajin foton. Shi ya kira kimiyya shaida, don haka dole a yi masa hukunci da ita.

Malam_Habu_Zinder ya sake amsawa:

Haka ne Malam Danladi, kuma akwai ɓarakar da ta fi ta kimiyya ciwo, ita ce ta halin bos ɗin. An ba Akshay Kumar, wanda ya fito a Pakshi Rajan, tarihin da ya fi komai kyau a fim ɗin: jaririn da aka haifa ba numfashi, gwara ta sauka a ƙirjinsa ya farfaɗo, ya girma masanin tsuntsaye, ya bi ofis-ofis da kotu yana roƙo, aka yi watsi da shi, ya rataye kansa a ƙarfen sabis. An ɗauko siffarsa daga Salim Ali, mashahurin masanin tsuntsayen Indiya da ya rasu a 1987. Mutum uku da ya fara kashewa, mai shagon wayoyi da mai kamfanin sadarwa da ministan sadarwa, kowanne yana da hannu a abin da ya same shi, don haka fansar tana da tsari. Daga nan sai a tsallaka zuwa filin ƙwallo zai ƙone mutum 80,000 da ba su san shi ba. Babu matakalar da ta kai shi can. Dalilin a fili yake: an gina shi har mai kallo ya koma bayansa, sai aka ga dole a ɓata shi da gaggawa don jarumi ya samu hujjar dukansa.

Dubi kuma yadda aka ci shi. Ƙananan robot da ake kira Kutti 3.0 sun hau bayan fararen tantabaru suna barazanar hallaka su idan bai fita daga jikin Vaseegaran da ya shiga ba. Dabara ce mai kaifi, kuma ita kaɗai ce a yaƙin ƙarshe da ta fito daga halin mutumin. Amma tana nufin ɓangaren jarumi ne ya yi garkuwa da marasa laifi, bos ne ya ja da baya don tausayi, kuma fim ɗin bai tsaya ya kalli wannan ba ko na daƙiƙa goma.

Injiniya_Rabi ta ƙara:

A ƙara da Dhinendra, ɗan Bohra. An kama ƙarfin da ya gagari soja, an kulle shi a na'ura, sai mutum ɗaya da kowa ya san yana gaba da Chitti ya shiga cibiyar ya sake shi. Abu mai haɗari haka ana kulle shi da mabuɗi biyu a hannun mutum biyu, da wutar ajiya, da masu gadi, ko a kai shi gindin eriyar da aka riga aka san tana kashe shi. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi damuna: tun kafin rabin fim an san maganin, an san inda yake, kuma nan ɗin aka koma a ƙarshe.