Kuɗin cizo ya hana mu barci, ga jaririya a ɗaki

Maman 'yan uku: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Tun da babban yarona ya dawo hutu daga makarantar kwana barci ya ƙaurace mana. Na ɗaura gidan sauro, amma da safe sai in ga ƙuraje a jere a wuyan yara da damatsansu. Da na ɗaga katifa sai ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo cike da bakin ɗinki, ga kuɗin cizo nan suna ta gudu. Na fesa maganin sauro na gwangwani, suka yi lif na ɗan lokaci suka dawo. Yanzu maigidan ya ce zai sayo fiya-fiya a yayyafa ko'ina a rufe ɗakin, ni kuma ina da goyo 'yar wata huɗu. Gidan haya ne, ciki da falo. Yaya zan yi?

Hajiya Babba: Wa'alaikumussalam 'yata. Ki cire kunya a ranki, ba ƙazanta ke kawo shi ba, jinin mutum yake bi, har manyan otal yana shiga. Akwatin yaron nan shi ne tushen abin. A fitar da shi tsakar gida yau, kada ya sake kwana a ɗaki.

Anti nas: Maman yara, don girman Allah ki hana maigida zancen fiya-fiya. Yawancinta gubar dichlorvos ce, irin wadda ke cikin Sniper, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ita barkatai a kasuwanni da kantuna. Ita ma ta kwalbar hannun da ake haɗawa a kasuwa ba wanda ya san ƙarfinta. Tana shiga jiki ta numfashi, tana shiga ta fata, jaririyar da ke kwance a kan katifar da ta sha wannan abu ita za ta fi kowa kwasa. Alamarta dalalar miyau, amai, numfashi sama-sama, ƙwayar ido ta ƙanƙance. Wadda ta fi ta muni ita ce ƙwayar nan da ake jefawa a buhun wake da masara. Hayaƙinta yana kashe mutanen gida suna barci, har na ɗakin maƙwabta. Shi kuwa kuɗin cizo, duk da azabar ƙaiƙayinsa, ba a san shi da yaɗa cuta irin ta sauro ba. Kada garin gyaran gira a rasa ido. Ki yanke wa yara farce, ki wanke wurin da sabulu, in ƙurajen sun fara ruwa ki kai su asibiti.

Amarya: Mu dai kananzir muka zuba a gado, kuma sun ragu sosai.

Anti nas: Ƙanwata, kuɗin cizon da kananzir ya taɓa ne kawai ke mutuwa. Ɗakin da ake kunna turaren wuta da maganin sauro na hayaƙi, ina ke ina katifa mai kananzir?

Baba kafinta: Hajiya, mata kun cika kallon katifa ku bar gado, alhali a gadon gidansu yake. A kira wanda zai kwance shi gaba ɗaya. Ki duba mahaɗar katako, da ramin kowane noti, da bayan fuskar gado inda aka manna yadi da soso. Za ki ga ƙwai farare ƙanana manne a jikin katako, tsintsiya ba ta ɗauke su, sai an kankare da buroshi mai tauri. In gadon ƙarfe ne ko katako na gaske, a tuttula masa tafasasshen ruwa a kowace mahaɗa. In irin na zamanin nan ne mai kumbura in ya sha ruwa, to a kankare, a cire yadin fuskar a ƙone. Tsagar bango da gefen ledar ɗaki ma a toshe. In an mayar da gadon kada ya jingina da bango, kada zanin gado ya taɓa ƙasa.

Maman Ummi: Ba sai an sha wannan wahalar ba, a shanya katifa a rana kawai.

Mai feshi daga Zariya: Rana kaɗai ba ta isa katifa mai kauri, Hajiya, suna komawa ɓangaren da ke inuwa ne su lafe. Abin da ke aiki shi ne kayan sawa da labule da zannuwa a jiƙa su a ruwa mai zafi sosai, kamar digiri 60, a shanya, a bi kowane ɗinki da dutsen guga. Takalma da jaka a ɗaure a baƙar leda, kada a cika ta, a bar ta a tsakiyar rana wuni guda ana juyawa. Bakin katifa ma a bi shi da guga a hankali, a ɗora ƙyalle kada soson ya narke. Ke kuwa Maman 'yan uku, dalilin da ya sa suka dawo miki shi ne, feshi ba ya cika kashe ƙwai, kuma ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10. Saboda haka duk aikin da aka yi sai an maimaita shi bayan mako 2. Da yawansu ma sun saba da irin maganin gwangwanin nan. In za a kira mai feshi, ya nuna miki kwalbar da lambar NAFDAC, ya faɗi awa nawa za ku yi a waje, kuma kada ya fesa a shimfiɗar jaririya.

Hajiya Babba: Tunda gidan haya ne, ki daure ki tambayi maƙwabta. Ta tsagar bango da soket suke ratsawa, in ke kaɗai kika yi aiki kin yi a banza.

Maman 'yan uku: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To in muka koma falo da kwana muka kulle ɗakin, yunwa ba za ta kashe su ba?

Mai feshi daga Zariya: A'a Hajiya, suna iya yin watanni ba su sha jini ba, kuma ɗumin jiki da numfashi suke bi, sai su tarar da ku a kujerun falo, aiki ya zama biyu. Ku zauna a ɗakin. Shi kuma yaron, kafin ya koma makaranta a zuba wa akwatinsa tafasasshen ruwa in na ƙarfe ne, ranar da zai sake dawowa hutu a tare kayansa tun daga zaure.