Muhawara: da wace manhaja ɗalibi zai fara zana allon PCB, wato allon da ake ɗora kayan lantarki a kai?

Malam Sanusi (Ƙofar Ƙaura): Assalamu alaikum. Jiya wani yaro ɗan ajin ƙarshe ya kawo mini furojet ɗinsa, kwantirolar cajin batirin sola. A kan Proteus, manhajar gwada sakit a kwamfuta, komai na tafiya lafiya lau. Da na ce ya nuna mini allon da zai kai a buga, sai ya yi tsuru, ashe bai taɓa buɗe ɓangaren zana allo ba, manhajar kuma fasasshiya ce da aka tura mashi a filasha. Ni dai matsayina ke nan: duk wanda zai fara koyon zana allo a Katsina yau, ya fara da KiCad. Kyauta ce ta halal, ba ta neman intanet, kuma aikinka yana cikin kwamfutarka.

Abba Sola: Wa alaikumus salam. Malam, da girmanka, ban yarda ba. Yaron da ba shi da kuɗin sayen maikirokwantirola irin PIC ko Arduino, a Proteus yake loda lambar da ya rubuta, wato furogiram ɗinsa, ya ga LCD ta nuna rubutu, ya ga mota ta juya, bai ƙona ko resista ɗaya ba. KiCad za ta yi mashi wannan?

Malam Sanusi: Ba za ta yi ba, wannan na ba ka. Tana da ngspice, wato abin gwajin sakit, za ka gwada filta ko amfilifaya, amma ba za ta tafiyar da lambar maikirokwantirola ba. Sai dai gwajin sakit daban, zana allo daban. Matsalar ita ce yaranmu sun ɗauka idan fitila ta kama a fuskar kwamfuta, aiki ya ƙare.

Injiniya Maryam: Malam ya taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Lasisin Proteus na kamfanin Labcenter ne da ke Ingila, kuɗi ake biya. Makarantar da ke son koyarwa da ita, ta saya. Amma mu malamai mu riƙa miƙa wa yara fasasshiya, sannan mu tsaya gaban aji muna maganar amanar sana'a, wannan bai dace ba ko kaɗan.

Nura Daura: Ni fa duk ku biyun kun bar hanya. EasyEDA ita ce ta talaka. Ka buɗe ta a burauza ko da tsohuwar laftof, kowane ƙarfe ka ɗauko, wato kayan sakit irin su resista, yana da lambarsa ta LCSC, kamfanin sayar da kayan, ka ga farashinsa, ka ga ko akwai shi a sito. Ka gama, ka danna maɓalli, aikin ya tafi JLCPCB, kamfanin buga allo da ke Shenzhen a Sin. Allo biyar mai fuska biyu, santimita 10 sau 10, dala 2 suka yi ta tallarsa, kuɗin kawowa ne ke da nauyi. KiCad kuwa saukar da ita kaɗai sai ta lashe maka data kusan giga ɗaya ko fiye. Wane ɗalibi ne zai iya?

Malam Sanusi: Sau ɗaya ake saukewa, Nura, kuma halal ne ka kwafa wa mutum ɗari a filasha, lasisinta ya yarda. Ta burauza fa, ranar da netwok ya yi ƙasa ko data ta ƙare ana tsakar aiki?

Nura Daura: Akwai wadda ake girkawa a kwamfuta, Malam. EasyEDA Pro tana aiki ba intanet.

Malam Sanusi: Na sani. Amma abin da ya sa kake yabonta, wato rumbun kayan nan da farashi, a intanet yake. Kuma ga abin da ya fi damuna: zanen aro ba ya rufe katara. Mu da muka fara da EAGLE mun gani da idonmu. Ta wani kamfanin Jamus ce, CadSoft. Autodesk ya saye ta a 2016, aka mayar da ita ta biyan kuɗi lokaci-lokaci, sannan a 2023 aka sanar cewa daga 7 ga Yuni 2026 za a daina sayar da ita da kula da ita. Wanda ya tara aikin shekara goma a cikinta, sai ƙaura. KiCad tun 1992 Jean-Pierre Charras ya fara ta a Faransa, daga baya injiniyoyin CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, suka sa hannu suka inganta yadda take jan layi. Lambarta a buɗe take, ba mai zuwa gobe ya ce ya rufe shago.

Abba Sola: Idan maganar neman aiki ce kuma, manhajar Altium kamfanoni ke tambaya.

Injiniya Maryam: Gaskiya ne ga manyan kamfanoni, ƙanena, amma kuɗinta ba na mai shago a Katsina ba ne. Wanda ya iya zanen sakit, ya iya haɗa kowane ƙarfe da sawunsa, wato zanen inda ƙafafunsa za su zauna a kan allo, ya iya duba ƙa'idojin tazara kafin ya fitar da Gerber, wato fayil ɗin da ake kai wa masu buga allo, ba zai daɗe ba zai saba da Altium in an ɗauke shi.

Alhaji Lawal Mai Inbata: Yara, ku bari tsoho ya sa baki. Ni a shagona har yau akwai allon da nake yi da hannu. In buga zanen da firintar leza a takarda mai sheƙi, in kifa shi a kan jan ƙarfe, in danna da dutsen guga har tawadar ta kama, in jiƙa takardar in murje ta da yatsa a hankali, sannan in tsoma cikin ruwan ferric chloride ina kaɗa robar har ya cinye inda ba layi. A wannan aikin, abin da nake nema wurin manhaja shi ne ta bar ni in faɗaɗa layi, in ƙara girman wurin dalma, in tattara komai a fuska ɗaya, in juya zanen kamar a madubi inda ya kamata. Duk ukun da kuke gardama a kansu suna yi. Abin da ba wadda za ta yi maka shi ne tunani. Watan jiya aka kawo mini allo kyakkyawa, kore shar, bugun Sin. Layin da ke ɗaukar amfiya 10 zuwa rile siriri ne kamar zaren ɗinki. Ya ƙone ya bar baƙin tabo, fentin wurin ya kumbura. Jan ƙarfen allo na yau da kullum kaurinsa maikiron 35 ne, amfiya 10 tana son faɗin kusan milimita 7 in ba ka so ya ɗau zafi. Yaron ko lissafin bai yi ba.

Malam Sanusi: Allah ya ƙara girma, Alhaji. Wannan lissafin yana cikin KiCad, akwai kalkuleta ta faɗin layi a shafin farko. Ka sa amfiya, ka sa zafin da ka yarda da shi, ta ba ka faɗi.

Nura Daura: To sawun kaya fa? A KiCad sau nawa mutum zai nemi sawun wani soket na USB ya rasa, sai ya zauna ya zana da kansa?

Injiniya Maryam: Ai nan ne karatun yake. Na taɓa ɗauko sawun wani rile da wani ya zana ya ɗora a intanet, ban auna ba. Allo biyar suka iso bayan sati uku, ƙafa ɗaya ta ƙi shiga rami, tazarar ta kauce da kusan milimita ɗaya. Tun daga ranar, kowace manhaja na yi aiki da ita, sai na buga allon a takarda daidai girmansa, na ɗora kayan a kai ɗaya bayan ɗaya kafin in biya ko sisi. Ɗalibin da ya taɓa buɗe takardar bayanan ƙarfe ya zana sawu da hannunsa ba ya faɗawa wannan ramin.

Nura Daura: Na ji, Anti, amma ni mai oda ke jirana, ba jarabawa zan rubuta ba. Ina nan kan EasyEDA.

Malam Sanusi: Ba wanda ya ce ka bari, kai ka riga ka iya. Maganata kan mai farawa ce. In ma wata rana ka so ƙaura, tun fitowa ta 8 a 2024 KiCad tana buɗe aikin EasyEDA kai tsaye.

Abba Sola: Ni har yanzu ban ga abin da zai maye mini gwajin PIC ba. A kawo shi, in sauka daga kan bakata.

Malam Sanusi: Asabar bayan La'asar ina shago. Ka zo da laftof da filasha mai giga 4, ka taho da sakit ɗin kwantirolar nan taka, mu zana allonta tare. Nura, in ka shigo Katsina ka zo da naka zanen, mu buga duka biyun a takarda, Alhaji ya auna layukan da idonsa.

Alhaji Lawal Mai Inbata: Zan zo in Allah ya yarda. Wani ya taho da rile da soket ɗin da za a yi amfani da su, na gaske, mu ɗora a kan takardar.