Neman shawara: kakanmu sojan igwa na a yaƙin Bama, ta ina zan fara bin sawunshi?

Jikan Baba Soja, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an wuni lahiya. Don Allah shawara nika nema wajen waɗanda sunka san harkar tarihi ko harkar soja. Kakanmu wanda ya haifi babanmu mutumin wajen Wurno na, ya yi yaƙin Bama, wato ƙasar Myanmar ta yanzu, zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo gida a 1946, ya rasu tun ban yi wayo sosai ba. Abin da munka taso muna ji shi na sojan igwa na, wai igwar tasu kwance ta aka yi gunduwa-gunduwa a ɗauka a kai a hau dutse da ita, in an kai sama a sake haɗawa a harba. To amma cikin dangi akwai masu cewa shi ba soja na ba, ɗan dako na kawai Turawa sunka ɗauka, kuma wallahi wagga magana tana ci mini rai don ɗiyana sun fara tambayata labarinshi kuma ba ni son in gaya musu abin da ba ni da hujja a kai.

Abin da ya rage na kayanshi suna cikin adakar gwaggona, ita kaɗai ta rage cikin ɗiyanshi kuma ta tsuhwa ƙwarai. Akwai wani ɗan littahi da gara ta ci gefenshi, akwai lambobin yabo biyu, ɗaya tauraro mai tsini shida ɗaya kuma zagayayye kamar kwabo babba da kan sarkin Ingila, sai wani hoto da ya dushe da wani guntun ƙyalle. Ina zan tahi in samu rikodin ɗinshi? Kaduna ko Abuja ko sai Ingila? Kuma gaskiya na ana biyan kuɗi kahin a ba ka?

Malamin Tarihi, Arkilla:
Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya jiƙan Baba. Kada ka fara da Kaduna ko Ingila tukuna, fara da wannan ɗan littafin, don in littafin sallama ne to ka riga ka fi mutane da yawa sa'a. Abu uku za ka duba a ciki: lambarsa ta soja, muƙaminsa, da sunan rukunin da ya yi aiki. Lambar sojojin Najeriya na wancan lokaci tana farawa da NA, ta mutanen Gana kuma GC. A wajen muƙami in ka ga an rubuta Gnr to gardama ta ƙare, wannan muƙamin ƙaramin sojan igwa ne, in kuma Bdr ne to daidai yake da kofur.

Lamba ta fi suna muhimmanci, ka riƙe wannan. A lokacin ana rubuta mutum da sunansa da garinsu ne, ka ga Garba Sokoto ko Musa Argungu ko Umaru Wurno za ka iya samun mutum da yawa masu suna ɗaya a bataliya ɗaya, ga shi kuma magatakardan yadda ya ji a kunnensa haka zai rubuta.

Lambobin yabon ba za ka ga sunansa a jiki ba, na Yaƙin Duniya na Biyu Ingila ba ta zana musu suna ba, amma ƙyallen da ke rataye da tauraron zai gaya maka inda ya je. In shuɗi ne mai duhu da ja a tsakiya da siraran layuka ruwan lemo to tauraron Bama ne, ana ba wanda ya yi aiki a fagen tsakanin Disambar 1941 da Satumbar 1945. In kuma ruwan ƙasa ne da ja a tsakiya to na Afirka ne, wato ya yi yaƙin Somaliya da Habasha da Italiyawa a 1940 zuwa 1941. Zagayayyen nan ka juya bayansa, in zaki ne ya taka wani dodo to lambar yaƙi ce ta gama-gari. Sai ka gaya mana hoton me ke jikin guntun ƙyallen nan, shi ma shaida ne.

Hajiya Inna, Kanwuri:
Ɗana, ni ban san takardu ba amma ga tawa. Gwaggonka ita ta littahinka na farko, yau ɗin nan ka kunna waya ka aje kusa gare ta ka bar ta ta yi magana, kada ka tsare ta da tambaya kamar alƙali. Tambaye ta waƙar da shika yi in shina aiki, wane abinci na ba shi ci, su wa ka zuwa gaishe shi da salla, ko shina da tabo ga jiki, ko kunnenshi ya yi nauyi. Mu babanmu ma ya tahi, da ya dawo ko tsawa anka yi da damina sai ya tashi zaune, kuma bai taɓa ba maza labari ba sai innarmu. Mata sun san abin da maza ba su sani ba. Mun yi sakaci har waɗanda sunka sani duk sunka wuce, kada ka bari naka ya zan haka.

Na Tudun Wada:
Ni dai a ganina a yi mai addu'a a yi sadaka ya fi, yaƙin Turawa na ba namu ba, mi za a samu in an tono?

Jikan Baba Soja:
Ɗan uwa addu'a kullum muna yi kuma ba za mu bari ba in sha Allahu. Amma mutum ya bar gida shekaru ya ƙetare teku ya dawo da rai, ɗiyan ɗiyanshi ba su ma san inda ya taka ba, ai bai kamata ba. Ko da tilas anka yi mai, sai mu san haka ɗin.

Malam na je gidan gwaggo bayan la'asar, Allah da ikonshi lambar tana nan da NA a gabanta, kuma Gnr ɗin da ka ce shi na rubuce, sai da na yi hawaye wallahi. Wajen sunan rukuni ne gara ta ci, 10 kawai nika gani sai wani abu ya ɓace. Ƙyallen tauraron shuɗi da ja na. Guntun ƙyallen kuma kamar mashi biyu sun gitta juna ta cikin wani zagaye.

Malamin Tarihi:
Alhamdu lillah, to ka kusa. Wannan zagayen gammo ne, gammo da mashi biyu ita ce alamar runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma. Runduna biyu aka kai Bama, ta 81 mai alamar baƙin gizo-gizo, ita ta fara shiga kwarin Kaladan a farkon 1944, sai ta 82 da ta shiga fage a ƙarshen 1944. 'Yan igwar runduna ta 81 su ne 101 Light Regiment, na ta 82 kuma 102 Light Regiment, to 10 ɗin da kake gani da wannan alama sun nuna 102 ne. Ka rubuta sunan yadda na rubuta shi don da shi za ka yi bincike.

Labarin da kuka taso kuna ji daidai ne. Igwar da suka riƙe ita ce ta hawa dutse mai baki inci 3.7, an ƙera ta ne don a wargaza a ɗora wa alfadarai, harsashinta ɗaya ya kai kilo 9. Amma a dajin Arakan, inda yanzu ake kira jihar Rakhine a ƙasar Myanmar, ba hanyar mota, tsaunuka ne da rafuka da gora, sai ya zama mutanenmu ne ke ɗaukar ta a kai, abinci da harsashi kuma jirgin sama ke jefo musu. Daga nan ne maganar ɗan dako ta samo asali, kuma ina so in yi wa danginku gyara a nan: ko waɗanda aikinsu ɗaukar kaya ne zalla sojoji ne masu lamba da albashi, suna da nasu rukunoni, da yawansu ba a ba su bindiga ba amma a cikin ruwan wuta ɗaya suke tafiya da kowa, kuma ba don su ba da rundunar ba ta motsa ba. Saboda haka ko da dakon ya yi ba abin kunya ba ne, balle ga shi takarda ta nuna sojan igwa ne.

Hanyar da runduna ta 82 ta bi sananniya ce. Sun gangara kwarin Kalapanzin suka kama Buthidaung a Disambar 1944, suka haɗu da ta 81 aka ƙwace Myohaung daga hannun Japanawa a ƙarshen Janairun 1945, daga nan suka ci gaba kudu ta Dalet da Tamandu da wajen An har Taungup. Su ne kuma suka daɗe a can bayan an gama yaƙi, shi ya sa dawowarsa a 1946 ta yi daidai.

Tsohon Samanja, Gawon Nama:
Malam ya hwaɗi gaskiya. Waɗanga sunaye da kuka ji ba baƙi na ba gare mu, barikokinmu ke ɗauke da su: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Myohaung da An da Arakan da Tamandu da Dodan a Legas, Letmauk a Ibadan, Chindit a Zariya. Yara da yawa sun yi aiki a ciki ba su san sunan daji na da kakanninsu sunka zub da jini ba.

Shawarata yaro, ka tahi ofishin 'yan mazan jiya na jiha, wato Nigerian Legion, da kwahin littahin, ka gaishe da dattawan ka nuna musu, su sunka san yadda aka rubuta takarda ga soja. Ofishin ajiyar rikodin na sojan ƙasa shina Lokoja, makarantar 'yan igwa tana Kachiya, hedkwatarsu kuma tana Kontagora. Ka rubuta takarda a tsanake, ka sa lamba da muƙami da rukuni da shekarar sallama da dangantakarka da shi, ka haɗa da shaidar kai jikanshi na. Kwahi za ka ba da, asalin littahin kada ya bar hannunka ko wa ya ce ka kawo. Kuma ka yi haƙuri, harkar tsohon fayil ba ta son gaggawa.

Ɗaliba a Ingila:
Salam yaya, bari in ƙara da abin da ke nan ɓangarenmu. A ma'ajiyar takardun tarihi ta Ingila da ke Kew a Landan akwai littattafan da kowane rukuni ke rubuta abin da ya faru kullum a lokacin yaƙi. Na fagen Bama suna ƙarƙashin WO 172, na zamansu a Afirka ta Yamma kafin tafiya kuma WO 173. Kundin sunayen fayilolin yana intanet kyauta, ka sa sunan rukunin da Malam ya ba ka za ka ga lambar fayil na kowace shekara, shiga karantawa a can ma kyauta ne, kwafi ne in ka ce su yi maka ake biya. Amma in gaya maka gaskiya tun yanzu don kada ranka ya ɓaci, waɗannan littattafan sunayen hafsoshi Turawa suka fi kawowa, ƙaramin soja ba kasafai ake ambatarsa ba sai in an ji masa rauni ko ya rasu ko an yaba masa. Abin da za ka samu shi ne inda rukuninsu ya kwana ran kaza, harsashi nawa suka harba, wane rafi suka ƙetare, ka haɗa da labarin gwaggo sai ka ga hoton ya fito.

Wanda za ka iya dubawa daga Sakkwato da wayarka shi ne WO 373, takardun da aka rubuta don ba sojoji lambar jarunta, ana nema da suna ko lamba. Sai shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, CWGC, amma su waɗanda suka rasu kaɗai suke da su, Baba ba zai fito ba tunda ya dawo, sai dai abokansa in gwaggo ta tuna sunan wani da bai dawo ba. A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai bango mai sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, kuma akwai 'yan Najeriya a ciki. Gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum ma ya sa hotunan sojojin Afirka ta Yamma a Bama a shafinsa, ka nuna wa gwaggo ta ga irin kakin ko zai tuno mata wani abu. In ka samo lambar fayil ɗin ka turo mini ta akwatin sirri, in na samu hutu zan shiga in ɗauko maka hotuna, ba sai ka biya kowa ba.

Malamin Tarihi:
Allah ya saka miki da alheri. A gida kuma kada a raina namu. A ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna fayilolin Lardin Sakkwato suna ƙarƙashin Sokprof, nan ne za a nemi takardun ɗaukar soja da na sake tsugunar da su bayan sun dawo, tunda ta hannun En'e da hakimai aka bi, zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku wanda ya hau a 1938. Gidan Arewa ma yana Kaduna, ka haɗa tafiyar. A nan cikin gari ka leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu da sashen tarihi na jami'ar Usmanu Danfodiyo, ka tambayi ko akwai ɗalibin da ya yi aiki a kan 'yan mazan jiya na ƙasar Wurno. In ka samu tsoffin Gaskiya Ta Fi Kwabo na shekarun yaƙi ka zauna ka karanta, a 1939 ta fara fitowa kuma a lokacin tana buga labarin yaƙi da wasiƙun sojoji da Hausa.

Tsohon Samanja:
Abu ɗaya na mance. Kada ka saka cikakkar lambarshi ko hoton littahin a fili nan. Akwai masu bin iyalan tsoffin sojoji suna cewa wai Ingila ta ware musu kuɗi a kawo na cike fom, duk wanda ya zo maka da wagga magana ka sallame shi. Lambobin yabon kuma kada a goge su da toka ko ruwan batir, a nannaɗe su ga ƙyalle mai tsabta, littahin a raba shi da adakar da gara ta shiga.

Jikan Baba Soja:
Na gode ƙwarai iyayena da 'yan uwa, Allah shi bar zumunci. Na ɗauki hoton kowane shahi, gobe in sha Allahu zan yi kwahi in kai ofishin 'yan mazan jiya. Hajiya Inna na bi shawararki, gwaggo ta yi magana har magariba, ta ce kunnenshi na dama ba shi ji, kuma akwai wani amininshi mutumin Gwadabawa da sunka tahi tare sunka dawo tare, duk salla sai ya zo da goro. Ba ta tuna sunan ubanshi ba, laƙabinshi kawai ta sani. Don Allah in akwai ɗan Gwadabawa a nan da kakanshi ya yi Bama cikin 'yan igwa shi yi mini magana ta akwatin sirri, wataƙila littahin nasu bai lalace ba mu ga cikakken sunan rukunin.