Mastas ɗin intanet: karatu ne ko sayen kwali?

Abu Hafsa (Jidda): Salam 'yan uwa malamai. Ni dai maganata ɗaya ce, duk mastas ɗin koyarwa da aka yi ta waya ana kwance a ɗaki sayen kwali ne kawai. Wanda ya ga ba haka ba ya fito.

Malama Ummu Khalil (Makka): Haba Malam, ai ka haɗa kowa da kowa ka yi musu kuɗin goro. NOUN, jami'ar karatu daga nesa ta Najeriya, ta gwamnatin tarayya ce, hukumar kula da jami'o'i NUC ta san da ita, tun 2002 da aka farfaɗo da ita take aiki. NTI ta Kaduna ma tun 1976 aikinta kenan, horar da malamai daga nesa. Su ma kwali suke sayarwa?

Abu Hafsa: Malama kin manta Kwatano? Ɗan jarida ya samo digiri cikin sati 6, har sai da gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a farkon 2024.

Malama Ummu Khalil: To wannan ai ba karatun intanet ba ne, makaranta ce mai gini da geti. Ka ga kenan ba a nan matsalar take ba.

Baban Iman (Riyad): Ku bari in shigo, don ni na ɗanɗana. Tambayar farko wa zai karɓi takardar, a ina za ka ci abinci da ita? In a nan Saudiyya ne sai ka bi ta mu'adala, wato tantance takardar waje, kuma abin da suke fara dubawa shi ne karatun na intizam ne, wato na zama a aji, ko daga nesa aka yi. Na yi nawa da wata jami'a ta waje, na biya da riyal ɗin gumina, dare ina gaban kwamfuta shayi na hucewa a gefe yara na barci, malamanmu kuma wlh ba wasa, duk sati sai ka rubuta aiki an gyara maka da jan rubutu layi layi, amma da na miƙa a makarantar da nake koyarwa mudir, wato shugaban makarantar, ya jujjuya takardar ya ce ilimi kam mun gani a ajinka, albashi dai ba zai motsa ba.

Abu Hafsa: Yauwa! Ka dawo kan maganata.

Baban Iman: A'a ban dawo ba. Kai ka ce babu karatu, ni na ce akwai karatu, karɓuwa ce ta yi gardama. Ita kanta Saudiyya tana da Saudi Electronic University tun 2011, sai dai tasu gauraye ce, wani sashe ta intanet wani kuma sai ka je da ƙafarka.

Malam Ɗan Sudan (Madina): Mu da yaƙin 2023 ya taso daga Khartum muna tsaka da karatu, in ba intanet ba ina za mu? Ku da ke da zaɓi ku ne ke da bakin raina shi. Amma ina jan kunne, akwai Al-Madinah International University, a Malesiya take, daban take da Jami'ar Musulunci ta nan Madina da aka kafa 1961. Mutanenmu da yawa na rikita su, ka san wacce ka nema kafin ka tura kuɗi.

Malama Ummu Khalil: Gaskiya. Kuma mai niyyar komawa gida ya koyar, in digirinsa na farko ba na koyarwa ba ne, PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, ya kamata ya fara nema saboda rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya, mastas ya biyo baya. Takardar waje kuwa sai ma'aikatar ilimi a Abuja ta tantance ta.

Abu Hafsa: To PGDE ɗin ai akwai gwajin koyarwa, wa zai zo ya zauna bayan aji ya ga yadda kike riƙe yara 40? Zoom?

Malama Ummu Khalil: Nan kam ka kama ni rabi. Shi ya sa nake tambayar kowace makaranta abu biyu kafin kuɗin makaranta ma: ina ake zana jarabawa, wa ke duba gwajin koyarwa. Wadda ta ce min babu ko ɗaya ko ta hau kame-kame, na rufe shafinta.

Abu Hafsa: Waɗanda ke da amsar nawa ne a ciki? Ku kawo sunaye mu gani.

Baban Iman: An kira Isha'i a nan. Malama ki turo naki jerin, in na dawo masallaci zan saka nawa da abin da na kashe.