Ɗana na fari ya canza mini, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ni uwa ce a nan Tawa, maigidana yana Abijan, sai shekara-shekara yake zuwa. Babban ɗana shekararsa 14, yana shekara ta uku a CEG, wato ƙaramar sakandare. Tun bara da damina na rasa gane kansa. Yaron da ke zama kusa da murhu yana ba ni labarin lakwal, yanzu daga "to" sai "a'a", muryar ma sai karyewa take. Tuwo malmala uku ba ya isarsa, wandon sallarsa ya ɗage sama da idon sawu. Da safe sai na yi ta bugun ƙofa kafin ya tashi, da dare kuma yana fada wajen shan shayi.

Abu biyu suka fi tayar mini da hankali. Duk zafin nan ba ya cire riga, ƙanwarsa ce ta raɗa mini cewa ƙirjinsa ya kumbura gefe guda. Sannan sau biyu ina tashi da asuba na tarar ya wanke wandonsa ya shanya bayan ɗaki, inda ba mu shanya. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗa, balle in tambaye shi irin wannan. Ciwo ne, ko ƙwaya ya fara sha?

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa'alaikumus salam yaya. Ki kwantar da hankalinki, abin da kika lissafa balaga ce ta zo. Ga namiji takan fara tsakanin shekara 9 zuwa 14, kuma a shekarar da tsawo ya fi sauri yaro na iya ƙara santimita kusan 10. Jikin da ke wannan aiki dole ya nemi tuwo. Karyewar murya kuwa maƙogwaro ne ke girma.

Kumburin ƙirjin shi ne nake so ki fahimta sosai, don shi ya fi cin ransa. Samari da yawa suna yin sa a wannan shekaru, saboda sinadaran jiki ba su gama daidaita ba. Wani ɗan ƙullutu ne ƙarƙashin kan nono, wani lokaci gefe guda, yana ɗan zafi in an taɓa, kuma yawanci yakan baje da kansa cikin wata 6 zuwa shekara 2. Kada a matsa, kada a gasa da ruwan zafi, kada a tsaga. In ya yi tauri sosai, ko yana fitar da ruwa, ko yana ta ƙara girma, a kai shi CSI, wato ƙaramin asibiti. Ni da zan so ma ya je tun yanzu, ya ji daga bakin likita namiji cewa lafiyarsa lau. Sannan ki ja kunnen ƙanwarsa, kada maganar ta fita ƙofar gida.

Wani magidanci: Ni fadar nan ce ban yarda da ita ba. Yaron da ubansa ba ya gari, a bar shi waje har dare? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki hana shi fita kawai.

Wani malamin lakwal: Alhaji, hanawa gaba ɗaya kan sa yaro ya koyi haura katanga. A wannan shekaru abokai sun zama masa kamar dangi. Hajiya, ki san fadar, ki san ƴaƴan wa ke zama, ki yanka masa lokacin dawowa, misali ƙarfe 9. Matashi na bukatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma da balaga barci kan jinkirta zuwa da dare, ga shayi mai kauri a kai. Shi ya sa muke ganinsu suna gyangyaɗi a aji. Batun ƙwaya irin su tramol kuwa, ba a gane shi da shiru kaɗai. Ki lura ko kuɗi na ɓacewa a gida, ko ya bar cin abinci, ko yana fashin lakwal, ko makinsa ya faɗi warwas. Mai cinye malmala uku bai yi mini kama da masu shan ƙwaya ba. Baɗi BEPC, jarrabawar kammala CEG, ke gabansa, ki leƙa wajen malamansa ki ji.

Wani matashi: Inna, ni ma na yi wankin asubar nan. Ranar da na fara mafarki na ɗauka fitsarin kwance na yi, na kwana biyu ba na iya kallon kowa a gida. Babu wanda ya faɗa mini komai sai wani yayan abokina, rabin abin da ya faɗa ma ba daidai ba ne. Don Allah kada ki nuna masa kin ga wandon.

Wata dattijuwa: Ɗiyata, kunyar ɗan fari tamu ce, ba zan ce ki yar da ita ba. Amma ai yana da kawu ko baffa. A samu wanda yake sakewa da shi, ya ɗauke shi a babur su fita su biyu, ya koya masa wankan janaba, ya gaya masa yanzu sallah da azumi sun hau kansa. Uban ma ya riƙa kiransa shi kaɗai, ba sai ta wayarki ana sauraro ba. Ke kuma naki mai sauƙi ne: ki ware masa shimfiɗa daga ƙannensa, ki ajiye masa sabulunsa da bokitinsa ba tare da kin ce uffan ba. Zai gane.

Mai tambaya: Allah ya saka muku da alheri, wallahi na samu sauƙi a raina. Na kira ƙanena, ya ce ranar Lahadi zai zo su je kasuwa tare, Litinin kuma ya raka shi CSI. Fadar ma na tambaya, ashe a ƙofar gidan maƙwabcinmu tela suke zama. Jiya na ƙara masa malmala ɗaya, ya ɗago ya dube ni, ya ce "Inna, sannu da aiki."