Neman kalma: me za mu kira "idraki" da Hausa?

Tafinta, Makka: Assalamu alaikum. Takardun asibitocin nan suna rubuta "idraki", na Turanci kuma cognition. Abin nufi shi ne mutum ya natsu ya saurara, ya riƙe abin da aka gaya masa, ya tuno shi daga baya, ya gane magana, ya san inda yake da ranar da ake ciki, ya kuma iya tsara abu ya yanke shawara. Lokacin Hajji tsofaffin alhazai suna yawan buƙatar a yi musu gwajin idraki, kowane tafinta kuma da kalmarsa. Wani ya ce hankali, wani ya ce ƙwaƙwalwa. Ya kamata mu tsaya a kan guda.

Ma'aikaciyar jinya, Jidda: Wa alaikumus salam, Malam. Hankali dai a ajiye shi. Da zarar an ce wa dattijo "za a gwada hankalinka", abin da zai ji shi ne taɓin hankali, sai ya ɗaure fuska ya ƙi amsawa, ko 'ya'yansa su riƙa amsa masa. Makin da za a samu a haka ba nasa ba ne. Ƙwaƙwalwa kuma ta yi faɗi, domin numfashi da tafiya da motsa hannu duk aikinta ne, iyalan maras lafiya sai su zaci hoton kai za a ɗauka.

Malamin Larabci, Madina: Hajiya ta yi gaskiya, akwai ma ƙari. A fiƙihu hankali sharaɗi ne na hawan hukunci a kan mutum. In muka rubuta "raunin hankali" a takarda, wani zai fara tambaya ko sallar tsohon da cinikinsa sun inganta, alhali likita mantuwa kawai ya gani. Larabawa na amfani da "ma'arifi" ma, amma mu ma'arifa ta riga ta zauna a bakin masu ɗariƙa da ma'anar sanin Allah. Idraki kuwa sai wanda ya yi karatun Larabci. Ni ina ganin "tunani".

Likitar tsofaffi, Riyad: Malam, tunani shi kaɗai zai ba mu matsala. In an tambayi tsohuwa ko tana da matsalar tunani, za ta ce ƙwarai, tunanin 'ya'ya da jikoki ya hana ta barci. Damuwa take nufi. Mu duba abin da gwajin yake aunawa tukuna. Wanda aka fi sani shi ne gajeren gwajin tambayoyi da ake kira MMSE, wanda likita Folstein da abokan aikinsa suka fitar a 1975, maki 30. Sanin lokaci da wuri maki 10. A faɗi abubuwa uku mutum ya maimaita, maki 3, bayan 'yan mintuna a ce ya tuno su, wasu 3. Ya riƙa cire 7 daga 100, wato 93, 86, 79, 72, 65, maki 5. Ragowar 9 na harshe ne da bin umarni da kwaikwayon zane. Wani sashe tunani ne, wani fahimta. Don haka na fi son a haɗa su: "tunani da fahimta". Sai a ce gwajin tunani da fahimta, raunin tunani da fahimta. In kalmar fahimta na kusa, ba wanda zai ɗauka damuwa ake nufi.

Inda gwajin yake lalacewa ya fi damu na fiye da kalmar. Tsohon da bai yi boko ba zai kasa faɗin watan Bature, amma ya san yau 9 ga Zulhajji. Wannan ya san lokaci. Wanda ba ya ji sosai, ko ya baro tabaransa a masauki, zai zubar da maki ba don mantuwa ba. Babban kuskure kuma shi ne a gwada alhajin da aka tsinto a Mina cikin rana, jikinsa ba ruwa, a rubuta masa gigin tsufa. Ruɗewar da ta zo cikin awoyi ko kwanaki, tana tashi tana lafawa, a fara neman zafin rana, ƙarancin ruwa, faɗuwar suga ko ciwon fitsari, a yi magani, sannan a sake gwaji. Gigin tsufa a hankali yake shigowa, wata da watanni, kuma 'yan gida ne ke ba da labarinsa.

Ma'aikaciyar jinya, Jidda: Dakta, na yarda a rubuce. A bakin gado dai ya yi nauyi. Gara a ce: "Baba, zan yi maka 'yan tambayoyi ne mu ga yadda kake riƙe abu." Kuma a roƙi mai rakiya ya yi shiru har a gama.

Tafinta, Makka: To mun tsaya: "tunani da fahimta" a takarda da fassara. Sassansa kuma natsuwa, riƙewa da tunowa, harshe, sanin lokaci da wuri, sai tsara aiki. Malam, a taimaka a jera kowanne da Larabcinsa, mu raba wa sauran tafintoci kafin alhazai su fara sauka.